Haihuwa da Mutuwa a Tsakar Gida: Fashin Baƙi kan Ƙananan Halittun da Muke Zaune da Su a Kano

Idan aka tambayi magidanci a Gwammaja ko Yakasai yawan waɗanda ke zaune a gidansa, zai lissafa iyalinsa da 'yan riƙo, wataƙila ya ƙara da kaji da tumakin da ke ɗaure a turke. Ba zai sa ƙadangarun da ke kan katanga a lissafi ba, balle kurciyar da ta yi sheƙa a darbejiya, ko kwaɗon da ke laɓe a gindin randa, ko zanzaron da ya yi gini a kusurwar zaure, alhali kuwa waɗannan sun fi mutanen gidan yawa nesa ba kusa ba, kuma a gidan ake haifar su, a nan suke neman abinci, a nan yawancinsu suke mutuwa. Ba a cika lura da su ba sai ranar da aka wayi gari aka ga ɗan tsuntsu a ƙasa tururuwa ta yanyame shi, ko mage ta shigo da ƙadangare a baki. A irin wannan rana mutane sukan rabu biyu. Wani zai sa tsintsiya ya share ba tare da ya sake tunawa ba, wani kuma, musamman yaro, zai ɗauka an tafka zalunci a gabansa. A ganina kowannensu bai kalli abin da kyau ba, domin mutuwar da ake gani a tsakar gida ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda take cikin tsarin da Allah ya ɗora waɗannan halittu a kai, wadda da ita ce ma sauran suke rayuwa, akwai kuma wadda mu muka kawo ta da hannunmu, wadda ba ta ciyar da kowa. Wanda bai iya rarrabe su ba zai riƙa sa hannu inda ya kamata ya ƙyale, ya kuma kau da kai inda ya kamata ya gyara.

Mafarin fahimtar al'amarin lissafi ne mai sauƙi. Kurciya ƙwai biyu take yi a kowane zubi, ita da namijin suna karɓa-karɓa wajen kwanci, shi da rana ita da dare, har kusan mako biyu, sannan 'ya'yan su yi kusan wani mako biyun kafin su tashi. A gari irin Kano, inda ba a rasa tsaba a bakin injin niƙa da wajen masu kaji, takan yi zubi fiye da ɗaya a shekara. A ce sau huɗu ta yi, kuma a ce babu ko ɗaya da ya mutu: tsuntsaye biyu sun zama goma a shekara ɗaya, hamsin a shekara ta biyu, kuma kafin a cika shekara biyar sun wuce 6,000. Kowa ya san ba haka abin yake ba, domin kurciyoyin unguwa na bana kusan su ne yawan na bara. Ma'anar wannan ita ce, daga cikin duk 'ya'yan da uwa da uba za su ƙyanƙyashe a tsawon rayuwarsu, biyu ne kawai a matsakaicin lissafi za su rayu har su maye gurbinsu. Sauran duka rabon iska ne da ruwan sama da hankaka da maciji da mage. Duk wanda ya taɓa leƙa sheƙar kurciya ya ga 'yan tsinkayen da ta jera, har ana hango ƙwan ta ƙasa, ba zai yi mamakin yadda guguwar farkon damina take zubo da su ba.

Kurciya ma mai ƙarancin haihuwa ce idan aka gwada ta da kwaɗo, wanda macensa take zuba dubban ƙwai a jere cikin wani zare mai yauƙi a kududdufi ko a ruwan da ya kwanta a lungu. A shekarar 1947 wani masanin halittu Ba'amurke mai suna Edward Deevey ya tattara bayanan mace-macen dabbobi daban-daban, ya fito da fasali uku da har yau ake koyarwa a jami'o'i. Akwai halittun da yawancinsu sai sun tsufa suke mutuwa, kamar giwa da ɗan Adam a inda ake da kula da lafiya. Akwai waɗanda haɗarin mutuwa yake bin su daidai wa daida a kowace shekara ta rayuwarsu, kamar manyan tsuntsaye da ƙadangaru. Akwai kuma waɗanda kusan dukansu suke ƙarewa tun suna ƙwai ko jarirai, 'yan kaɗan da suka tsallake su ne suke daɗewa. Kwaɗo da yawancin ƙwari suna cikin kashi na uku. Matsalarmu ita ce da idon kashi na farko muke kallon kowa, shi ya sa idan muka ga talibambam ɗaruruwa sun bushe a taɓo bayan ruwa ya janye sai mu ɗauka wata annoba ce ta auku, alhali yawan ƙwan da uwar ta zuba tun farko an yi shi ne da wannan asarar a ciki.

Babu inda ake ganin wannan ƙarara kamar daren shinge. Bayan an yi ruwa mai ƙarfi na farkon damina ƙasa ta jiƙa, gara takan buɗe ƙofofin gidanta ta saki 'ya'yanta masu fukafukai, maza da mata, su fita neman inda za su kafa sabon gida. Da magariba za ka ga sun rufe ƙwan lantarkin ƙofar gida, yara sun ajiye kwano da ruwa a ƙarƙashi suna tarawa don a soya. Tsaka tana bango tana kama wanda ya sauka kusa da ita, har cikinta ya kumbura ta kasa gudu. Kwaɗi sun jeru a ƙasa inda hasken ya ƙare, kowanne ya ɗan matsa gaba, ya wurga harshe, ya runtse ido ya haɗiye. Jemagu suna shawagi a sama. Waɗanda suka tsira sukan karkaɗe fukafukansu su zubar, namiji ya bi bayan mace kai da gindi suna neman ƙasa mai laushi da za su shige. Da asuba kaji da ƙadangaru da tururuwa su gama da ragowar, sai fukafukai kawai tsintsiya take tarawa. Cikin dubban da suka fito, da wuya a sami 'yan kaɗan da za su kafa gida, amma macen da ta yi nasara za ta zama uwar suri, ta rayu fiye da shekara goma tana zuba dubban ƙwai a kowace rana. Wannan dare guda kuma shi ne babban abincin da tsuntsaye da ƙadangaru da kwaɗi suke samu daidai lokacin da su ma suke shirin haihuwa. Faɗuwar wani tashin wani, in ji Hausawa, kuma a nan maganar ba ta da ɗaci ko kaɗan.

Yanayin Kano shi ne yake tsara lokacin da kowace mutuwa take zuwa. A bazara, musamman watan Afrilu da zafi yakan haura maki 40 a ma'auni, ƙishirwa ce babbar makashiya. Za ka ga ƙananan tsuntsaye sun buɗe baki suna haki a inuwa, saboda tsuntsu ba ya gumi, ta numfashi yake rage zafin jikinsa, kuma hakan yana cinye ruwan jikin nasa da sauri. A lokacin ne karin maganar nan ta cewa albarkacin kaza ƙadangare ya sha ruwan kasko take zama zahiri, a lokacin ne kuma ake yawan tsintar ƙadangare ko ɗan tsuntsu ya nutse a bokiti ko durom ɗin da aka bari a buɗe, ya sauka shan ruwa santsin roba ya hana shi fita. Damina kuwa lokacin haihuwa ce da yalwa, amma ita ce kuma ta fi yawan gawa, domin ita ta fi yawan jarirai. Zuwan shamuwa, wadda take baro kudancin Afirka ta zo ƙasashenmu ta yi sheƙa ta ci fara da tsutsa, alama ce ta cewa abinci ya fara samuwa ga kowa. Hunturu yana da tasa illar ga halittun da jikinsu ba ya ɗumama kansa. Idan sanyin asuba ya sauka ƙasa da maki 15, jan gwada yakan wayi gari launinsa ya dusashe, jikinsa ya yi nauyi, sai ya hau katanga ya sha hantsi kafin jan kan nasa da zafin namansa su dawo. A wannan ɗan tsakanin ne mage da shaho suka fi samun sa.

Ƙadangare ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin shi ne maƙwabcin da muka fi gani muka kuma fi rainawa. Jan gwada ɗaya yakan mallaki wani yanki na katanga da mata da ƙanana a ƙarƙashinsa, kuma gyaɗa kan nan da yake yi sanarwa ce ga sauran maza cewa wurin yana da mai shi. Idan wani ya ƙi ji, sukan gwabza da bulalar wutsiya, shi ya sa ake yawan ganin manyan maza da guntun bindi. Macen takan tona rami a ƙasa mai danshi wadda rana take dukanta, ta zuba ƙwai kamar biyar zuwa bakwai, ta mayar da ƙasa ta daddale da kanta, ta tafi ba ta waiwaye. Zafin ƙasa ne yake yi mata kwanci har kusan wata biyu. A kan wannan ƙadangaren namu ne wata masaniya mai suna Madeleine Charnier ta gano wani abin mamaki a Dakar ta ƙasar Senegal a shekarar 1966: zafin da ƙwan ya samu shi ne yake sa ɗan ya fito namiji ko mace. A gwajin da ta yi, ƙwan da aka ajiye a maki 26 zuwa 27 yawancinsa mata ya bayar, wanda aka ajiye a maki 29 kuma ya ba da maza. Daga baya aka gano haka abin yake ga kada da kunkuru masu yawa. Abin da nake so a riƙe a nan shi ne, ci gaban zuriyar ƙadangare a gida ya dogara ne da samun ɗan fili na ƙasa tsura, kuma wannan shi ne abin da sababbin gidajenmu suke rasawa.

Sai maganar masu farauta, wadda ita ce ta fi tayar wa mai kallo hankali. Duk wanda ya taɓa fasa ginin zanzaro ya san abin da ke ciki: ɗakuna ƙanana na laka a jere, kowanne cike da gizo-gizo ko koren tsutsa, kuma idan ka taɓa su da tsinke za ka ga suna ɗan motsi. Ba matattu ba ne. Macen zanzaro ce take harbin su da dafin da yake kashe musu jiki ba tare da ya kashe su ba, ta jido su ɗaya bayan ɗaya, ta ɗora ƙwanta guda a ɗakin, ta liƙe ƙofa da laka. Da matattu ta ajiye, da zafin Kano ya ruɓar da su kafin ɗanta ya ƙyanƙyashe. Ɗan zai fito ya ci abincin nan sabo har ya ƙare, ya naɗe kansa, daga baya ya huda laka ya fita da fukafukai, bai taɓa ganin uwarsa ba. Mutum yana iya jin tsikar jikinsa ta tashi, kuma ban ga laifin hakan ba, tausayi alama ce ta lafiyar zuciya. Sai dai kalmar mugunta ba ta da wurin zama a nan, domin mugunta tana buƙatar wanda ya san akwai wata hanya ya zaɓi cutarwa, zanzaro kuwa ba shi da wata hanyar ciyar da ɗansa, kuma kowace tsutsa da ya ɗauke an rage wadda za ta cinye ganyen zogale ko yakuwar da aka shuka a bayan ɗaki. Haka kurkudu da yake tona ɗan rami a rairayi yana jiran tururuwa ta zamo ciki, haka ƙoƙi-ƙoƙi, haka shirwa da take fauce ɗan tsako.

Mage ce kaɗai na ke ware wa matsayi na daban. Yawan kowane mafarauci na daji yana bin yawan abin da yake ci, idan abinci ya ragu shi ma ya ragu, amma magen gida tana da tuwo da ƙashin kifi ko ta kama ko ba ta kama ba, saboda haka takan kashe abin da ba ta buƙata. Misalin da kowa ya sani shi ne jaɓa, wadda mage take kashewa ta yar saboda warinta. Jaɓa kuwa ba ɓera ba ce ko kaɗan, ba ta ɓarnar hatsi, kyankyaso da gyare da sauran ƙwari ne abincinta, kuma tana ci da yawa saboda ba ta jure yunwa. Gidan da aka kashe jaɓarsa ya yi asarar mai yi masa aikin dare kyauta.

Abin da ke faruwa bayan mutuwa shi ne ɓangaren da aka fi kau da kai daga gare shi, alhali shi ne ya fi nuna tsarin. Idan ƙadangare ya mutu a gindin bishiya da damina, ba a ɗaukar lokaci koren ƙuda yake sauka, domin yana jin warin tun kafin hancin mutum ya ji. Yakan zuba ƙwai a ido da baki da duk inda fata ta yage, kuma a zafi irin namu ƙwan ba ya wuce kwana guda bai zama tsutsa ba. Tururuwa tana aiki ta ƙasa, tana yankar nama tana jan sa zuwa rami a layi. Ƙwayoyin bakteriya da suke cikin hanjinsa tun yana raye su ne suke fara narkar da shi ta ciki, shi ya sa cikin yake kumbura. Cikin 'yan kwanaki sai fata da ƙashi, tsutsar ta ƙoshi ta shige ƙasa don ta rikiɗe ta zama ƙuda, ruwan da ya tsiyaye kuma ya zama taki ga saiwar bishiyar. Wani ƙadangaren zai zo ya tsaya kusa yana cafke ƙudan da ya taru. Da hunturu labarin yakan canza, domin iska takan busar da gawar kafin ta ruɓe, sai ta zauna a bayan buhu ko saman silin wata da watanni, har sai ƙwaron nan da masu busasshen kifi da masu fata suka sani ya zo ya cinye ta. Wannan saurin aiki shi ne dalilin da ya sa, duk da yawan mutuwar da lissafi ya nuna, ba mu cika ganin gawa ba.

Babbar mai wannan aiki a da ita ce ungulu, kuma rashin ta shi ne babban canjin da Kano ta gani a wannan fanni. Duk wanda ya manyanta a birni yana tuna yadda take jeruwa a kan katangar mayanka da saman rimi da bakin juji, yau kuwa yaro zai iya girma bai taɓa ganin ta ido da ido ba. A shekarar 2015 ƙungiyar IUCN, wadda take bin diddigin halittun da ke fuskantar ƙarewa a duniya, ta sanya irin ungulun da muka sani a matakin haɗari mafi tsanani kafin ƙarewa. Daga cikin dalilan akwai guba, da farautar ta don sayar da sassan jikinta ga masu tsibbu, da sare manyan bishiyoyin da take sheƙa a kai, ga shi kuma ƙwai ɗaya tak take yi a zubi, saboda haka ba ta iya mayar da asara da sauri kamar kurciya. Ruwan cikinta yana da tsamin da yake kashe yawancin ƙwayoyin cutar da ke cikin mushe. Indiya ta ga abin da rashin ta yake jawowa: daga shekarun 1990 wasu nau'o'in ungulunta suka ragu da fiye da kashi 95 cikin ɗari saboda maganin dabbobi mai suna diclofenac da ke saura a jikin mushen shanu, har aka hana ba dabbobi shi a 2006, kuma karnukan titi suka ƙaru a inda mushe ya rasa mai ci.

Labarin ungulu ya kawo mu ga kashi na biyu, wato mutuwar da muke jawowa. Ba ina cewa a bar kowace halitta ta yi yadda ta ga dama a cikin gida ba. Sauro yana kawo zazzaɓin da yake kashe yara, wani nau'in ɓera yana ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu a 1969, gara tana cin azara, kunama da maciji kuma ba abokan zama ba ne a inda yara suke rarrafe. Shari'a ma ta yi wannan rarrabewa. Ya tabbata a hadisin Bukhari da Muslim cewa an halatta kashe hankaka da shirwa da kunama da ɓera da kare mai cizo saboda cutarwarsu, ya kuma zo a wajen Abu Dawuda cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana kashe tururuwa da ƙudan zuma da alhudahuda, ya hana kashe kwaɗo, ya kuma yi hani ga sahabban da suka ƙona gidan tururuwa da wuta. Aya ta 38 a Suratul An'am ta kira dabbobin ƙasa da tsuntsaye al'ummomi kamar mu. Tafsilin hukuncin, har da na tsaka wadda ita ma hadisi ya yi magana a kanta, fagen malamai ne. Abin da ya bayyana ga kowa shi ne an ɗaure kisa da dalili, an kuma hana azabtarwa.

Inda muke kuskure shi ne makamin da muke ɗauka ba ya tantancewa. Fiya-fiya da ake yayyafawa a ɗaki da tsakar gida yawanci sinadarin dichlorvos ne, wanda aka yi nau'insa mai ƙarfi don gona, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta sanar da hana sayar da wannan nau'in a kantuna da kasuwannin yau da kullum saboda yadda ake amfani da shi ba bisa ƙa'ida ba. Yana kashe kyankyaso, amma yana kashe gizo-gizo da zanzaro, ya kuma cutar da kwaɗon da fatarsa take shan duk abin da ta taɓa. Bayan ɗan lokaci kyankyaso da sauro za su dawo, domin suna cikin masu haihuwa da yawa da sauri, masu cin su kuwa sai a hankali, sai gidan ya koma ya fi da yawan ƙwari, a ƙara sayo magani. Shinkafar ɓera ta fi wannan muni. Ɓeran da ya ci ba ya mutuwa nan take, yakan fito yana tangaɗi, mage ko mujiya ta same shi a sauƙaƙe ta ci gubar tare da shi. Mujiya guda tana iya cin ɓera uku ko huɗu a dare ɗaya, amma ita ce muke jifa idan ta yi kuka a kan soro saboda camfi. Toshe ramuka, rufe abinci, kwashe shara, gidan sauro da tarko na gargajiya sun fi kai wa ga wanda ake nufi shi kaɗai.

Akwai kuma kisan da ba a ganin jininsa. A sababbin unguwanni kamar Rijiyar Zaki da Hotoro da Ɗorayi, ado ya zama a malale tsakar gida da siminti ko intalok daga katanga zuwa katanga, a sare bishiya saboda ganye, kududdufan cikin birni kuma ana ta cike su ana gini. Babu wanda ya yi niyyar kashe komai, amma ƙadangare ya rasa inda zai binne ƙwai, kwaɗo ya rasa ruwan haihuwa da danshin da zai laɓe da rani, tana ta rasa ƙasa, tsuntsu ya rasa reshe. Waɗanda suke saura su ne masu iya rayuwa a kwata da silin, wato ɓera da kyankyaso da sauro, daidai waɗanda ba ma so. Barin ɗan fili ko da taku uku ne a gindin bishiya guda yana sauya wannan lissafi fiye da yadda ake zato. Kaskon ruwa mara zurfi da dutse a ciki yana ceton rayuka da bazara, da sharaɗin a riƙa zubarwa ana sabuntawa duk bayan kwana biyu ko uku, domin sauro yana iya kammala girma daga ƙwai cikin kusan mako guda.

Tambayar da ta fi zuwa a aikace ita ce ta ɗan tsuntsun da aka tsinta a ƙasa. Idan gashinsa ya fito yana iya tsalle, galibi koyon tashi yake yi, iyayensa suna kusa suna ciyar da shi, kuma abin da yake buƙata kawai a ɗaga shi zuwa reshe a tsare mage na ɗan lokaci. Idan tsirara yake ko gashin bai rufe shi ba, a mayar da shi sheƙa in ana iya kai wa. Maganar da ake yi cewa uwa za ta ƙi shi idan ta ji warin hannun mutum ba ta da tushe. Ɗaukar sa a kai ɗaki a sa a kwali yawanci jinkirta mutuwa ne kawai, musamman ɗan kurciya ko na tattabara, wanda a kwanakin farko ba ya cin tsaba, wani farin ruwa mai kauri yake sha da uwa da uba suke fitarwa daga maƙoshinsu. Ɗura masa ruwa a baki kuma yana iya shaƙe shi. Mayar wa uwa ɗanta shi ne umarnin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba sahabban da suka ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta biyu a wata tafiya, da ya ga tana shawagi a kansu cikin damuwa.

Idan kuma ya mutu duk da haka, yaron da ya tsinto shi ya cancanci a saurare shi. Anas ɗan Malik ya ba da labarin ƙaninsa Abu Umair, wanda ɗan tsuntsun da yake wasa da shi ya mutu, Manzon Allah ya riƙa tambayar sa labarin tsuntsun cikin lallashi. Yaron da aka yi wa dariya a irin wannan rana shi ne gobe zai ɗauki danƙo ya harbi ƙadangare don nishaɗi, wanda aka zauna aka yi wa bayani kuwa yakan fara tambayar me ya kashe shi, kuma wannan tambayar tana da amfani ko ga manya. Gawa ɗaya a gindin sheƙa bayan iska ba abin damuwa ba ce, a tona rami a gindin bishiya a binne, a wanke hannu da sabulu. Wadda ake zargin guba ce ta kashe ta, a zurfafa ramin yadda mage ko kare ba za su tono ba. Amma idan aka ga tsuntsaye da yawa sun mutu a lokaci ɗaya, ko kaji sun fara faɗuwa tare da su, wannan ba ya cikin lissafin da muka yi a baya. Murar tsuntsaye nau'in H5N1 an fara tabbatar da ita a Afirka ne a wata gonar kaji a jihar Kaduna a watan Fabrairun 2006, kuma Kano tana cikin jihohin da ta shafa a lokacin. A irin wannan hali kada a taɓa da hannu tsura, kada a yanka kazar da ta kamu don a ci, a nisantar da yara, a kuma sanar da likitan dabbobi mafi kusa tun a ranar.